Gidan Multatuli a wani lungun Amsterdam

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya, sanyi ne kawai ya matsa mana.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani gida da na ziyarta, na kuma san kai mai son tarihi ne. Yana cikin wani siririn lungu da ake kira Korsjespoortsteeg, lamba 20, tsakanin magudanan ruwan tsohon gari. Ba don allon tunawa da ke jikin bangonsa ba, da sai ka wuce ba ka waiwaya ba. A nan aka haifi Eduard Douwes Dekker a 1820, ɗan wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, marubucin da duniya ta fi sani da sunan alƙalaminsa, Multatuli. Yanzu gidan ya zama ɗan ƙaramin gidan tarihi. Matakalarsa a tsaye take ƙyam, sai ka riƙe ƙarfe kana hawa a hankali.

Mutumin nan ma'aikacin mulkin mallaka ne fa, ba ɗan adawa daga waje ba. Tun yana saurayi ya tafi ƙasar da yau ake kira Indonesiya, a 1856 aka naɗa shi mataimakin razdan a Lebak, cikin tsibirin Java. A zamanin, Turawan Holan na tilasta wa manoma shuka kofi da rake da baba don kasuwar Turai, kuma ta hannun sarakunan gargajiya suke mulki. Ka ga kenan ba sai na yi maka dogon bayani ba, kai da ka karanci zamanin En'e. Ya tarar sarkin yankin na ƙwace wa talakawa ɓaunayen da suke huɗa da su, yana sa su aikin gayya dole ba ko sisi. Ya kai ƙara sama, na sama suka juya masa baya. Bai fi wata uku a kujerar ba ya ajiye aiki.

Daga nan talauci ya yi masa sallama. A 1859, a wani ɗakin masauki a Brussels, ya rubuta Max Havelaar, littafin ƙagaggen labari da ya gina kan abin da ya gani a Lebak, aka buga shi a 1860. A ƙarshen littafin ya ture masu ba da labarin gefe, ya fuskanci Sarki Willem na Uku kai tsaye da tambaya kan abin da ake yi wa talakawa da sunansa. Wallahi wannan ƙarfin hali ya burge ni. Duk da haka ba waliyyi ba ne: ɗan caca ne, bashi ya yi masa katutu, kuma gyaran mulkin ya nema da farko, ba rushe shi ba. Ya rasu a Ingelheim ta Jamus a 1887, nesa da gida.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙasar da ya tona wa asiri ita ce yau ke alfahari da shi. An kafa masa mutum-mutumi a gadar Torensluis a 1987. Ya cancanta, ban musa ba. Amma manoman Lebak da aka raba da dabbobinsu, wa ya san sunan ko ɗaya? Na ɗan ji sanyi da na samu labarin an buɗe gidan tarihi da sunansa a Rangkasbitung, can Lebak ɗin, a 2018, inda jikokin manoman ke ba da labarin da bakinsu.

Akwai fassarar littafin da Turanci. In na samu mai zuwa Kano zan ba shi ya kawo maka, ina son jin ra'ayinka. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Inna muna yi mata addu'a.

Naka,
Kabiru