Gaisuwar Babbar Sallah zuwa gida, garin Tawa

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, barkanku da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana, ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya. Ina gaida Baba, da Kawu, da Goggo, da dukan mutanen gida manya da yara. Abin da na yi muku ku yafe mini, ni ma na yafe. Auta, kai ne mai karanta wa Inna takardar nan, to ka karanta ta duka, kar ka tsallake komai wai don gudun ɓacin ranta.

Mu ma mun yi idi a nan Lille ta ƙasar Faransa, cikin wani babban zaure, ba a fili ba. Jama'a maƙil, galibi 'yan Aljeriya da Maroko, sai 'yan Senegal da Gine. Da liman ya sallame, kowa ya juya ya rungumi nasa, yara na jan rigunan iyayensu. Ni kuwa na tsaya bakin ƙofa ina jan lokaci wajen sa takalmi, ko Allah zai sa in ji wani ya yi Hausa. Wani dattijo ya ba ni hannu, Allah ya saka masa da alheri. Daga nan na cire babbar riga na ninke cikin jaka na wuce wurin aiki, don a ƙasar nan ranar Sallah ba ranar hutu ba ce.

Layya kuma doka ta hana a yanka a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mutum zai biya mahauci, a miƙo masa nama a kwali, bai ga ragon ba balle ya shafa bayansa. Shi ya sa na gwammace in aiko a yanka a gabanku. Yini guda hankalina na ƙofar gidanmu: an feɗe raguna an banƙare su jikin itace kewaye da wuta, Baba na matsar da garwashi yana korar yara, ke kina ciki kina suyar kayan ciki. Gobe kuma a fara rabo, kwano na fita kwano na shigowa.

Inna, ba yunwa nake ji ba, kuma lafiyata lau. Mutanen nan ma ba mugaye ba ne. Maƙwabcina yakan gaishe ni a matakala, sai dai gaisuwar kalma ɗaya ce, ya rufe ƙofarsa. Ba mai tambayar ya gajiya, ya mutanen gida, ba wanda ya san ɗan wane ne ni. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, sai in dawo daga aiki gari tarwai, in zauna ni kaɗai ina jiran magariba. Wannan zaman shi ya fi komai ci mini rai.

Na san mu mutanen Adar ba baƙin bida ba ne. Baba ya yi Abijan, amma can akwai mai masauki, ana cin tuwo kwano ɗaya da 'yan gari, damina na kusantowa a ɗaure kaya a dawo gona. Tawa bidar ba haka take ba. Tun 2023 babu jirgin da ke tashi daga Faransa kai tsaye zuwa Yamai, sai an zagaya ta Kasabalanka ko Istambul, sannan a hau mota fiye da kilomita 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ma an rufe shi farkon 2024, don haka maganar wani ya zo ya gan ni ta ƙara nisa.

Ga roƙona, kuma shi ne dalilin takardar nan. Don Allah ku daina ɓoye mini labari. Kwanciyar Goggo asibiti, a bakin wani abokina na ji, bayan an sallamo ta. Na san don tausayi kuka yi, amma abin ya yi mini zafi ƙwarai, na ji kamar an cire ni daga lissafin gida. Mai daɗi da marar daɗi, ku gaya mini lokacin da ya faru. Kuma ba sai da dalili za a kira ni ba. Auta, ka riƙa danna wa Inna WhatsApp ta yi mini magana, ko labarin akuyarta ne, ko wa ya haihu, ko nawa tiyar hatsi a kasuwa.

Na haɗo da goron Sallah na yara cikin kuɗin da na aiko, Baba zai raba. A ajiye mini soyayyen nama cikin gwangwani, akwai mai tahowa bayan Sallah. Ku sanar da ni ko ruwa ya sauka, ko an yi shuka a gonar gabas.

Ki ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanki