Gaisuwar Babbar Sallah Daga Alabama

Montgomery, Jihar Alabama, Amurka
Ranar Babbar Sallah

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun yi Sallah lafiya, ina roƙon Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. Mun sauko daga Idi da hantsi, na kuma kai wa maƙwabciyata kasonta na nama, wato dattijuwar nan Kirista baƙar fata da na taɓa ba ku labarinta, wadda yanzu ta doshi shekara 80.

Kwanakin baya ta roƙe ni in kai ta garin Monroeville, mahaifar marubuciya Harper Lee, inda duk shekara mutanen gari suke yin wasan kwaikwayon littafinta To Kill a Mockingbird, wanda ya fito a 1960. Labarin wani baƙar fata ne da aka yi wa ƙazafin fyaɗe ga wata Baturiya a shekarun 1930, wani lauya Bature ya tsaya masa har gaskiya ta fito fili, amma duk da haka aka ce shi ne mai laifi. A cikin tsohuwar kotun garin ake yin zaman shari'ar, kuma daga cikin 'yan kallo ake zaɓo masu yanke hukunci, Turawa maza zalla, kamar yadda ake yi a wancan zamani.

A hanyarmu ta dawowa ne ta buɗe baki. Ta ce fim ɗin littafin, wanda ya fito a ƙarshen 1962, daga benen gidan silima ta kalle shi tana budurwa, domin kujerun ƙasa na Turawa ne, kuma ta wata ƙofar gefe baƙar fata suke shiga. Da aka nuno baƙar fata cunkushe a benen kotu suna leƙen shari'ar ɗan'uwansu, sai kowa a wurinsu ya yi tsit. Ta tuna famfon shan ruwa mai rubutu a sama da ke nuna na Turawa ne ko na baƙar fata, da shagon da ake karɓar kuɗinsu amma ba a yarda su gwada takalmi ba. Tana 'yar shekara takwas aka kama wata baƙar fata mai suna Rosa Parks a nan Montgomery, ranar 1 ga Disamba 1955, saboda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a motar bas, kuma kwana 381 da baƙar fata suka yi suna ƙaurace wa motocin bas saboda haka, mahaifiyar dattijuwar da ƙafa take zuwa aikatau. Sai a 1964 dokar tarayya ta haramta wannan wariya a wuraren jama'a.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙorafinta a kan littafin. Ta ce ana ta jinjina wa lauyan, alhali mai aikin gidansa, wadda ta raini 'ya'yansa, kaɗan aka ba ta bakin magana. Mahaifiyarta ma haka ta ƙare rayuwarta, tana rainon 'ya'yan wasu, nata suna gida suna jiran ta har bayan magariba. A ganina tana da gaskiya, ko da yake littafin bai rasa darajarsa a wurina ba.

Baba, wannan ya tuna mini da hirar da kuke yi mana game da Kaka, lokacin da yake kuku a unguwar Turawa ta Nasarawa a Kano, da filin da aka bari fayau tsakanin gidajensu da na mutanen ƙasa. Ina roƙonku, idan hidimar Sallah ta lafa, ku sa Auta ya ɗauki muryarku a waya kuna ba da labarin tun daga farko, domin na yi wa dattijuwar alkawarin zan fassara mata, kuma ta matsu ta ji.

Goron Sallar yara yana hannun Yaya. A gaishe mini da Gwaggo da dukkan mutanen gida.

Wassalam,
Ɗanku