Wasiƙa ga 'yata kafin biki

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da gwaggonki da mutanen Idi-Araba. Ranar Juma'a da kika zo Agege ina ninke miki atamfofin lefe, sai wani ƙullin leda ya faɗo daga jakarki, ƙananan ƙwayoyi farare a ciki. Gidan cike yake da baƙi, shi ya sa na haɗiye maganar. Amma na gane su. Shekarun da na yi ina aikin jinya sun isa in san deksametazon, wadda mata ke kira sha-ka-fashe.

Na san ƙawaye ne suka ce amarya sai da kumatu. Ki saurare ni.

A saman kowace ƙoda Allah ya ɗora wata 'yar tsoka da likitoci ke kira adirenal, nauyinta bai wuce giram 5 ba. Ita ke fitar da sinadarin kotizol cikin jini, mai riƙe bugun jini da suga a daidai, mai tsaya wa jiki in zazzaɓi ko tashin hankali ya zo. Da asuba yake fi yawa, can cikin dare ya ja baya. Ba da kanta take aiki ba: wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, ita ke aiko mata umarni. Ƙwayar da ke jakarki ta ninka kotizol ƙarfi wajen sau 25. Da jini ya cika da ita, sai fituwitari ta ga ai kaya ya wadata, ta daina aike, adirenal kuma ta kwanta barci har ta motse.

Ƙibar da take kawowa ma ba ƙibar lafiya ba ce. Fuska ta kumbura ta zama kamar faranti, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ja ta tsattsaga cinya. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya min a rai, ke da za ki shiga ɗakin miji.

Na taɓa jinyar wata amarya da ta sha ƙwayar nan wata uku, ta yar da ita dare ɗaya bayan an kai ta. Amai, jiri, bugun jininta ya yi ƙasa, ko kofin ruwa ba ta iya riƙewa. Lallenta bai ma goge ba. Da ƙyar aka ceto ta.

Saboda haka in kin wuce mako uku kina sha, kada tsoron wasiƙar nan ya sa ki daina yau-yau. A hankali ake ragewa, a hannun likita, har tsokar ta farka. Man shafawar da kika sayo a kasuwar Balogun shi ma ki duba kwalinsa. Da yawa akwai irin wannan sinadari a ciki, kuma fata na tsotse shi.

Ba fushi nake ba, wallahi, barci ne ya gagare ni. Litinin da safe zan zo mu taka zuwa asibitin koyarwa na LUTH, ga shi nan kusa da ku. Ki taho da ledar da kwalin man, kuma ki faɗa min gaskiyar ranar da kika fara.

Ki gaida gwaggonki.

Mahaifiyarki,
Agege, Legas