A tsara gonakin kwakwar manja ba tare da cinye kurmi ba

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, na karanta rahotonku kan dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023, wadda za ta hana shigar da manja da koko da wasu kayayyaki kasuwanninta idan an noma su a filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020. Dokar ta yi daidai, amma hani kaɗai ba zai tsare kurmi ba. Gyaran yana cikin gonar kanta.

Indonesiya da Malesiya ne ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya. A tsibiran Sumatra da Borneo da ke yankin an yashe dausayi mai ruɓaɓɓen ganye don dasa kwakwa, ƙasar ta bushe, ta zama makamashi. Gobarar da ta tashi a can a 2015 ta turnuƙe har Singapore da hayaƙi, yara da tsofaffi suka sha wahalar numfashi. Birin orangutan kuwa mazauninsa sai raguwa yake.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan manoma. Bishiyar kwakwa tana tsufa bayan kamar shekara 25, amfaninta ya ja baya. Manomin da ba shi da kuɗin sake dashe, dole ya nufi daji da gatari.

Shawarata ita ce gwamnatocin ƙasashen biyu da kamfanonin da ke sayen manjan su ba shi ingantaccen iri da rancen da zai riƙe shi har sabon dashe ya fara 'ya'ya. Sharaɗin kuwa: kada a taɓa dausayi, a bar daji a gaɓar koguna, a kuma bar wa namun daji hanyar wucewa tsakanin gonaki.

Naku,
Mai karatu daga Kano