Hattara da ƙananan kurakurai wajen allurar insulin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mu ja hankalin manya masu ciwon sukari da ke yi wa kansu allurar insulin a gida, da masu jinyarsu. Maganin na ceton rai, amma ɗan kuskure wajen awo ko wurin sokawa kan kai mutum gadon asibiti.

A fara da duba kwalba da sirinji. Insulin mai alamar U-100 yana da yunit 100 a kowace mililita, mai U-40 kuma yunit 40, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya ja U-100 da sirinjin U-40 zuwa layin 20, yunit 50 ya zuba wa jikinsa, ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Wannan kaɗai ya isa ya sumar da mutum.

Kwalbar da ba a buɗe ba ta zauna a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. Idan ta daskare, ta lalace ko da ta narke. Wadda aka fara amfani da ita galibi kwana 28 take yi, nesa da rana da zafin da ya wuce digiri 30, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikinta. Insulin mai gurɓi-gurɓi kamar madara, a murza shi a tafin hannu har ya haɗu, kada a girgiza. Mai amfani da alƙalamin allura, wato allurar insulin mai siffar biro, ya fara fitar da yunit 2 a iska sai ya ga ɗigo a bakin allurar, bayan ya danna kuma ya ƙirga zuwa goma kafin ya zare.

Abin da ya fi damunmu shi ne sokawa wuri ɗaya. Mutum kan samu wani gefe a cikinsa da ya daina jin zafi, sai ya manne masa. A shafa wurin, za a ji ƙullutu mai taushi a ƙarƙashin fata. Kitse ne ya taru, kuma insulin ba ya shiga jini daidai daga nan: yau sukari ya hau, gobe ya faɗi. Sai a yi ta ƙara yunit, ranar da aka koma lafiyayyar fata kuwa yawan ya yi wa mutum illa. Duk wanda ya ji ƙullutu ya ga likita kafin ya canza wuri, domin mai yiwuwa a rage masa awo. A riƙa zagayawa tsakanin ciki, cinya da ɗuwawu, a bar faɗin yatsu biyu daga cibiya, da faɗin yatsa ɗaya tsakanin sukan jiya da na yau. Sabuwar allura kowane lokaci.

Idan aka ji alamun faɗuwar sukari, wato rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani ko ruɗewa, ko awon sukarin jini ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, a sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, wato kimanin giram 15. A sake awo bayan minti 15, a maimaita in bai tashi ba. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti.

Ranar zazzaɓi ko amai ma kada a dakatar da insulin da ka, a tuntuɓi likita a ranar.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da masu ciwon sukari