Hattara Wajen Haɗa Windows Da Linux A Kwamfuta Ɗaya

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu karatu kan shawarar da ake ba waɗanda kwamfutocinsu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, tun bayan da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wato su ɗora Ubuntu ko Linux Mint (nau'o'in Linux ne, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows) kusa da tsohuwar manhajar, ta yadda in an kunna na'urar sai GRUB, wato allon zaɓin da ke fara bayyana, ya tambayi mutum wacce zai shiga.

Shawara ce mai kyau, ni ma ina goyon bayanta, sai dai masu bayar da ita sukan tsallake wurin da haɗarin yake. Raba rumbun ajiya gida biyu aiki ne da kuskure ɗaya zai iya shafe takardu da hotunan shekaru, don haka wajibi ne a kwafe komai zuwa wani rumbu na daban kafin a fara. Wanda BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanai, ya kulle rumbunsa ya tabbatar ya adana mabuɗin buɗewa tukuna. Haka kuma a kashe Fast Startup, wato tsarin da ke sa Windows saurin tashi, domin Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya idan yana kunne, sai Linux ta kasa rubutu a ɓangaren Windows na rumbun.

Idan kuwa agogo ya riƙa sauyawa tsakanin manhajojin biyu, ba lalacewa ba ce: Linux tana ajiye lokaci bisa UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma bisa lokacin gida.

Naka,
Wani mai karatu