Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Dakta Sima Bahous, shugabar hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe.

Na daɗe ina aiki da wata ƙungiyar kare haƙƙin mata a Arewacin Najeriya, kuma akwai ranar da har yau take hana ni barci.

Da hantsi wata yarinya ta shigo ofishinmu, ba ta wuce shekara 20 ba, leɓenta a fashe, bayanta duk shatin wayar wuta. Yayanta ne ya ga saƙonnin da suke yi da wata ƙawarta. Muna cikin cike mata takarda ta faɗi dalilin dukan, sai ɗakin ya yi tsit. Shugabarmu ta ja ni gefe ta ce, "Kada ki ja mana, 'yar maɗigo ce." Aka ba ta kuɗin mota. Ni na raka ta bakin ƙofa, ban ce uffan ba.

Na san abin da shugabarmu take tsoro. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 ga mai mara wa ƙungiyoyin masu neman jinsinsu baya. Amma wanke raunin wadda aka yi wa jina-jina fa? Wannan mu muka hana kanmu.

Gyambon ya daɗe a tafiyar mata. A taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995, Beverley Ditsie, matashiya 'yar maɗigo daga Soweto ta Afirka ta Kudu, ta tashi gaban wakilan duniya ta roƙi kada a bar irinsu a baya. Ƙasashe 189 suka amince da kundin taron, bayan an goge kalmomin da suka ambace su. Da wannan kundi muke tinƙaho a kowane taro.

Ban ce kowa ta sauya aƙidarta ba, ni ma ina da tawa. Abin da nake roƙo shi ne duk ƙungiyar da za ta karɓi tallafin hukumarki don yaƙi da cin zarafi ta rubuta baƙi da fari cewa ba za ta kori macen da aka daka ba, ko mene ne dalilin dukan. A kuma samar mana da lauyoyin da za su fayyace mana iyakar dokar 2014, domin mafi yawanmu da jita-jita muka san ta.

Takardar yarinyar nan tana nan a durowata, rabinta a cike. Ba ta sake dawowa ba.

Taki,
Wata ma'aikaciya daga Arewacin Najeriya